Peter Sellers, daga akwatin rediyo zuwa sinima: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa kallon finafinan Pink Panther ya san wannan fuska: ɗan sandan Faransa mai siririn gashin baki da doguwar kwat, wanda ba ya taɓa abu bai karye ba, kuma bai taɓa yarda cewa laifinsa ne ba. Mutumin da ke bayan fuskar sunansa Peter Sellers. Kafin duniya ta san kamanninsa, mutanen Ingila sun shafe fiye da shekara goma suna jin muryarsa a rediyo, kuma a ganina wanda bai faro daga can ba, da wuya ya gane inda gwanintarsa ta samo asali. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane ne Peter Sellers?

Ɗan wasan kwaikwayo ne ɗan Ingila da ya yi fice a barkwanci. An haife shi ranar 8 ga Satumba, 1925, a Southsea, wata unguwa ta bakin teku a birnin Portsmouth. Ya mutu a Landan ranar 24 ga Yuli, 1980, yana da shekara 54. Ya yi rediyo, ya yi faifai, ya yi talabijin, ya kuma fito a finafinai sama da hamsin. A 1966 aka ba shi lambar girma ta CBE.

Peter ne sunansa na ainihi?

A'a. Richard Henry Sellers ne sunan da ke takardar haihuwarsa. Iyayensa sun haifi ɗa namiji kafin shi, wanda bai zo da rai ba, kuma shi ne Peter. Da na biyun ya zo sai suka riƙa kiransa da sunan wan nasa, sunan kuwa ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Masu rubuta tarihinsa na yawan tsayawa a wannan gaɓa, suna cewa ga yaron da ya tashi yana amsa sunan wani, ya girma yana rayuwa cikin muryoyin wasu. Ba na son a ɗora wa abin nauyin da ya fi ƙarfinsa, amma dai shi kansa ya sha faɗa cewa bai san ko shi wane ne ba idan babu rawar da yake takawa.

A wane irin gida ya tashi?

Gidan 'yan wasan dandali ne masu yawo gari gari. Mahaifinsa Bill makaɗin fiyano ne, mutum mai sanyin hali. Mahaifiyarsa Peg ita ce mai faɗa a ji. Bayahudiya ce, daga dangin Daniel Mendoza, shahararren ɗan damben Ingila na ƙarni na 18, kuma mahaifiyarta ce ke jagorantar ƙungiyar wasan da dangin ke ci daga gare ta. Peter yana da mako biyu a duniya aka ɗauke shi aka hau dandalin Kings Theatre na Southsea da shi, aka nuna wa 'yan kallo.

Shi kaɗai ne ɗan da ya rayu, Peg kuwa ta shagwaɓa shi ƙwarai. Abin da ya nema shi ake yi. Mahaifinsa Kirista ne ɗan cocin Ingila, mahaifiyarsa Bayahudiya, makarantar da aka sa shi kuma ta 'yan Katolika ce, St Aloysius da ke arewacin Landan. Karatunsa ya tsaya yana ɗan shekara 14, lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke aka kwashe ɗaliban makarantar zuwa ƙauye, Peg ta ce ɗanta ba ya zuwa ko'ina. Iyalin suka koma Ilfracombe a yankin Devon, inda kawunsa ke kula da wani gidan wasa. A can ya yi shara, ya sayar da tikiti, ya raka mutane kujerunsu, ya kunna fitilun dandali. Yana tsaye a gefe yana kallon manya suna wasa, kunnensa na kwashe yadda kowa ke magana.

Da wasan kwaikwayo ya fara?

Da kiɗa ya fara. Gwanin ganguna ne, ya bi ƙungiyoyin kiɗa yana samun na abinci da su, kuma waɗanda suka ji shi sun ce da ya tsaya a nan ma da ya ci abinci har tsufa.

Me ya yi a lokacin yaƙi?

A 1943 ya shiga rundunar sojan saman Birtaniya. Idonsa ba shi da ƙarfi, don haka bai tuƙa jirgi ba. Aka sa shi cikin rukunin masu nishaɗantar da sojoji da Ralph Reader ke jagoranta, ya zagaya Indiya da Silon (Sri Lanka ta yau) da Burma, daga baya Faransa da Jamus. A wannan zamani ne ya fara wani ganganci da ya zama labari: sai ya saka kakin hafsa, ya manna gashin baki, ya shafa wa gashinsa hoda ya zama furfura, ya shiga ɗakin cin abincin manyan hafsoshi yana magana da irin muryarsu ta isa da taƙama. Da an kama shi da ya sha hukunci mai tsanani. Muryoyin hafsoshin nan, da Turancin da ya ji a bakin Indiyawa, su ne jarin da ya dawo gida da shi, ya yi ta juya su shekara talatin.

Ta yaya ya shiga BBC?

Da murya, kuma da dabara. A 1948, yana ɗan shekara 22, ya gaji da jiran amsar neman aikin da ya yi, sai ya buga wa wani furodusa mai suna Roy Speer waya. Bai yi magana da muryarsa ba. Ya ari muryar Kenneth Horne, wani babban tauraron rediyo na lokacin, ya shiga yabon wani yaro sabon jini wai shi Peter Sellers, yana cewa lallai a gwada shi. Speer ya saurara da girmamawa har sai da mai maganar ya fasa ƙwai ya ce shi ne yaron. Furodusan ya yi masa faɗan rashin kunya, amma ya ga abin da ke gabansa: wanda ya iya ruɗarsa da muryar mutumin da ya sani sarai, zai iya ruɗar ƙasa baki ɗaya. Ya ba shi gurbi a shirin Show Time. Daga nan ya shiga shirin Ted Ray mai suna Ray's a Laugh, sai aiki ya fara neman sa.

Mene ne The Goon Show, kuma me ya sa har yau ake maganarsa?

Shirin barkwanci ne na rabin awa da BBC ta watsa daga 1951 zuwa 1960. Samari huɗu ne suka kafa shi, dukansu tsofaffin sojoji: Sellers, da Spike Milligan, da Harry Secombe, da Michael Bentine. Wurin haɗuwarsu wata mashaya ce a Westminster ta wani mai suna Jimmy Grafton, wanda shi ma marubucin wasa ne. Ranar 28 ga Mayu, 1951, aka fara sa shirin, da sunan Crazy People, don manyan gidan ba su gamsu da sunan da samarin suke so ba sai a zango na biyu. Bentine ya fita da wuri. Milligan ne ya ɗauki nauyin yawancin rubutun, nauyin da ya kai shi ga kwanciya asibiti saboda ciwon damuwa. Secombe ne ke fitowa a matsayin Neddie Seagoon, wawan da kowa ke yi wa wayo. Sauran garin kuwa, kusan rabinsa a maƙogwaron Sellers yake.

Shi ne Manjo Bloodnok, tsohon hafsan sojan mulkin mallaka a Indiya, matsoraci, mayaudari, mai ciwon ciki. Shi ne Bluebottle, ɗan sikawut mai tsinin murya da ke karanta har umarnin da aka rubuta wa ɗan wasa a gefen takarda, kuma kusan kowane mako sai wani abu ya fashe da shi. Shi ne Henry Crun, tsoho tukuf mai rawar murya da ba ya gama jimla. Shi ne Grytpype-Thynne, ɗan damfara mai laushin harshe. Akan sami wuri a shirin inda mutum biyu ke cacar baki, dukansu kuma shi ne, yana sauya murya tsakanin numfashi da numfashi a gaban 'yan kallo, don ranar Lahadi ake ɗaukar shirin a zauren da ke cike da jama'a.

Abin da ya sa shirin ya yi tasiri shi ne waɗanda yake yi wa ba'a. Ingila ta fito daga yaƙi da talauci, daularta na kakkaryewa, amma manyanta na nan da tsohuwar taƙamarsu. Sai ga yaran da suka yi wa hafsoshin nan fareti sun dawo suna mayar da su abin dariya a gidan rediyon ƙasa. Wanda ya tashi yana jin Samanja Mazan Fama zai gane wannan ɗanɗano, na sojan da ya san bariki ciki da waje ya dawo yana kwaikwayonsa. Banda haka, shirin ya yi wasa da sauti yadda ba a saba ba: ƙarar fashewa, takun gudu, ƙofa da ake ta buɗewa ba iyaka, duk a gina wa mai sauraro duniyar da kyamara ba za ta iya ɗauka ba. A 1957, shekarar da Sashen Hausa na BBC ya fara magana, shirin na tsakiyar tashensa. 'Yan ƙungiyar Beatles da shi suka tashi, haka ma waɗanda suka kafa ƙungiyar barkwanci ta Monty Python, Sarki Charles na yanzu kuma tun yana yaro masoyinsa ne. A 1972, da BBC ta cika shekara 50, aka sake tara su ukun suka yi shiri na ban kwana.

Me rediyo ya koya masa da ya amfane shi a fim?

Wannan ce tambayar da na fi ba muhimmanci. 'Yan wasa da yawa daga jiki suke farawa, ko daga tarihin mutumin da za su zama. Sellers daga kunne yake farawa. Ya sha bayyana cewa sai ya sami muryar mutum tukuna, sannan ya san yadda zai yi tafiya, da irin rigar da zai saka, da yadda zai riƙe kofi. Idan muryar ba ta zo ba, babu abin da zai zo. A rediyo ba ka da fuska, ba ka da kaya, ba ka da gashin baki. Dole cikin jimla ɗaya mai sauraro ya san shekarun mai magana, da garinsu, da matsayinsa, da ko yana jin tsoro. A Ingila kuwa, inda lafazin mutum ke tona asirin unguwarsu da makarantar da ya yi da sana'ar ubansa, wanda ya mallaki lafuzza ya mallaki al'ummar gaba ɗaya.

Abu na biyu shi ne lokaci. Mai barkwancin rediyo yana rayuwa ne a kan sanin daƙiƙar da zai yi shiru. A duba wurin nan a Dr. Strangelove inda shugaban Amurka ke waya da takwaransa na Tarayyar Sobiyet, yana ƙoƙarin sanar da shi cewa jiragen Amurka na kan hanyar jefa wa ƙasarsa makamin nukiliya bisa kuskure. Ba a jin muryar wancan ɓangaren ko sau ɗaya. Sellers ne kaɗai riƙe da kan waya, yana lallashi, yana jira, yana ba da haƙuri kamar mai sasanta rigimar maƙwabta. Daga shirun da yake yi kake jin mutumin da ke can Mosko, har ka san a buge yake. Rufe ido ka saurara, ba abin da ka rasa. Wasan rediyo ne tsantsa aka ɗauka da kyamara.

Yaushe ya zama tauraron fim?

A hankali abin ya zo. Ya fara da ƙananan finafinai tun 1951. A 1955 ya fito a The Ladykillers na kamfanin Ealing, cikin gungun 'yan fashi da Alec Guinness ke jagoranta. Guinness ne gwaninsa, ya kuma zuba masa ido sosai a wurin ɗaukar fim ɗin. Shekarar da ta buɗe masa ƙofa ita ce 1959. A I'm All Right Jack ya fito a matsayin Fred Kite, wakilin ƙungiyar ƙwadago a wata masana'anta, mai askin soja da guntun gashin baki, mai son manyan kalmomin da ba ya iya furta su daidai. Da wani ne da ya mayar da Kite abin tsokana kawai. Sellers ya bar masa mutuncinsa. Akwai inda matarsa ta yi yaji ta bar shi da tulin kwanuka a kicin, sai ka ji tausayin mutumin ya kama ka kana cikin dariya. Wannan rawa ta ba shi kyautar BAFTA ta gwarzon ɗan wasan Birtaniya. A shekarar dai ya fito a The Mouse That Roared, wanda ya kai sunansa Amurka.

Da gaske ne yakan fito a matsayin mutum uku a fim ɗaya?

Gaskiya ne, kuma ba sau ɗaya ba. A The Mouse That Roared shi ne sarauniyar ƙaramar ƙasar, shi ne firaministanta, shi ne kuma jagoran dakarunta. A Dr. Strangelove na darakta Stanley Kubrick, wanda ya fito a 1964, shi ne Mandrake, hafsan sojan saman Birtaniya mai ladabi da ke ƙoƙarin shawo kan janar ɗin da ya zauce, shi ne shugaban ƙasa Muffley mai sanƙo, shi ne kuma Dakta Strangelove, masanin kimiyya ɗan Jamus a keken guragu, wanda hannunsa na dama mai baƙar safa ke ƙin bin umarninsa yana miƙewa da gaisuwar 'yan Nazi. An so ya taka rawa ta huɗu, ta matuƙin jirgin yaƙi ɗan Texas, amma lafazin ya ba shi wahala, ya kuma ji ciwo a ƙafa, sai aka ba Slim Pickens. Kubrick, wanda aka sani da tsananin bin tsari, ya sakar wa Sellers mara: yakan kafa kyamarori ya bar shi ya yi ta ƙirƙira, abin da ya yi kyau a shigar da shi cikin rubutu. Tun a Lolita, a 1962, suka fara aiki tare.

Ta yaya ya zama Sufeto Clouseau?

Ba shi aka fara ba rawar ba. Peter Ustinov aka ɗauka, ya janye ana dab da fara aiki a Italiya, darakta Blake Edwards ya nemo Sellers cikin gaggawa. A fim na farko, na 1963, David Niven ne babban jarumi, ɓarawon lu'ulu'u, Clouseau kuwa ɗan rakiya ne. Da fim ɗin ya fito sai 'yan kallo suka bar ɓarawon suka bi ɗan sandan. Shekara na zagayowa aka yi A Shot in the Dark, inda aka gina komai a kansa, aka kawo Herbert Lom a matsayin shugabansa Dreyfus da wautar Clouseau ke haukatawa, da Burt Kwouk a matsayin Cato, yaron gidansa da aka umarta ya riƙa kai masa farmaki ba zato don kada ya yi sanyi.

Sirrin Clouseau ba faɗuwar ba ce, tashin ne. Zai jingina da taswirar duniya mai juyawa ya kife ƙasa, ya miƙe ya gyara kwat, ya ci gaba da bayani kamar ba abin da ya faru. Bai taɓa sanin cewa shi abin dariya ne ba, kuma Sellers bai taɓa ƙyafta wa mai kallo ido ba. Sau biyar ya taka rawar yana raye: 1963, 1964, 1975, 1976 da 1978. Shi da Edwards ba sa jituwa, akwai lokacin da sai ta takarda suke magana, amma kowannensu ya san kasuwarsa na hannun ɗan'uwansa. Finafinan uku na baya ne suka ceto Sellers bayan shekarun da finafinansa suka yi ta faɗuwa.

Pink Panther ɗin damisa ce?

A cikin labarin, sunan wani lu'ulu'u ne mai ruwan hoda. Damisar zanen da yara suka sani an ƙirƙire ta ne don rubutun farkon fim, tare da kiɗan Henry Mancini, daga baya ta sami shirinta na kanta.

Me ake cewa game da fitowarsa a matsayin Ba'indiye?

Ya yi hakan a The Millionairess na 1960, tare da Sophia Loren, inda ya zama likita, da kuma The Party na 1968, inda ya zama ɗan wasan Indiya da aka gayyata walimar manyan Hollywood bisa kuskure. A duka biyun an shafa masa launi mai duhu a fuska. Ya kuma fito a matsayin ɗan Sin fiye da sau ɗaya. A zamaninsa ba a cika ɗaga gira ba, yau kuwa da wuya wani kamfani ya yarda.

Masu kare shi na cewa mutanen da ya zama ɗin su ne masu kirki a labarin, Turawan da ke kewaye da su ne marasa ta ido. Akwai gaskiya a nan. Amma akwai wata gaskiyar: lafazin da ya yayata ya zama abin da ake tsokanar 'ya'yan Indiyawa da Pakistan da shi a makarantun Ingila, kuma a lokacin da Bature ke cin kuɗi da muryarsu, 'yan wasansu ba sa samun aiki. Ni ina ganin dole a riƙe duka biyun. A shekarun 1990 wasu matasa 'yan asalin Indiya a Birtaniya, cikinsu har da Sanjeev Bhaskar da Meera Syal, suka yi shirin barkwanci a BBC, suka raɗa masa sunan waƙar da Sellers ya yi da Loren da wannan lafazi, Goodness Gracious Me. A rediyo su ma suka fara, kafin talabijin.

Yaya halinsa yake a gida da wurin aiki?

Nan labarin ba daɗi. Aure huɗu ya yi: Anne Howe a 1951, wadda ta haifa masa Michael da Sarah, Britt Ekland 'yar Suwidin a 1964, bayan sanin 'yan kwanaki, wadda ta haifi Victoria, Miranda Quarry a 1970, sai Lynne Frederick a 1977. Mutum ne mai tsananin kishi da saurin fushi, mai fasa kaya, mai yi wa 'ya'yansa kyauta yau ya ƙwace gobe. Ɗansa Michael ya rubuta littafi bayan mutuwarsa ya faɗi abin da suka gani. A wurin aiki yakan ƙi zuwa, ya sa a kori darakta, ko ya ce ba zai tsaya gaban kyamara da wane ba. A Casino Royale na 1967 rigimarsa da Orson Welles ta kai ga ɗaukar kowannensu daban a zaman da ya kamata su fuskanci juna, ƙarshe ya bar fim ɗin bai gama ba. Ga camfi: yana tsoron launin kore da shunayya, yana kuma bin maganar wani mai duba kafin ya yanke shawara. Motoci da kyamarori kuwa saye yake ya watsar kamar ba da kuɗi ake saya ba.

Abokansa na rediyo sun tsaya a kan cewa akwai wani Peter ɗin, mai kyauta, mai kunya, wanda bai taɓa jin daɗin aiki kamar ranakun Lahadin da suke ɗaukar shirinsu ba. Shi ma ya faɗi haka. Wannan bai wanke abin da ya yi wa matansa da 'ya'yansa ba, kuma bai kamata gwaninta ta sa a kau da kai ba.

Gaskiya ne ya ce shi ba kowa ba ne?

Ya faɗi makamancin haka sau da dama. Wanda aka fi tunawa shi ne a The Muppet Show, shirin 'yan tsana na talabijin, inda aka ce masa ya saki jiki ya zama kansa, ya amsa cewa babu wani shi, a da akwai amma an yi tiyata an cire. Da wasa ya faɗa, sai dai a 1974 da aka gayyace shi hira a shirin Michael Parkinson, bai yarda ya shigo ba sai cikin kakin sojan Jamus da muryar wani, sannan daga baya ya tuɓe ya zauna.

Me ya sami lafiyarsa?

A watan Afrilun 1964, makonni kaɗan bayan aurensa da Britt Ekland, bugun zuciya ya same shi a jere cikin dare ɗaya a Los Angeles. Yana da shekara 38. Da ƙyar likitoci suka ceto shi. Fim ɗin da yake yi da darakta Billy Wilder sai da aka sake shi da wani ɗan wasa, Ray Walston. Zuciyar ba ta koma daidai ba. A 1977 aka saka masa na'urar daidaita bugun zuciya, ya kuma yi ta jan ƙafa kan tiyatar da aka ba shi shawara.

Wane fim ne shi kansa ya fi so?

Being There, na 1979. Ya karanta littafin Jerzy Kosinski, ya ga kansa a ciki, ya shafe shekaru yana neman a ba shi rawar. Labarin wani mai kula da lambu ne, Chance, wanda bai taɓa fita daga gidan maigidansa ba, bai iya karatu ba, bai san komai ba sai shuka da talabijin. Da maigidan ya mutu aka fitar da shi titi, sai manyan Washington suka ɗauki maganganunsa na lambu a matsayin zurfin hikima, har shugaban ƙasa na neman shawararsa.

Mutumin da ya yi suna da tarin muryoyi, a nan murya ɗaya tak ya yi amfani da ita, shimfiɗaɗɗiya, mara hawa da sauka, wadda ya ɗan jingina da ta tsohon ɗan barkwancin fim Stan Laurel. Ba ya ɗaga gira, ba ya gaggawa. Wanda ya san yadda yake iya cika ɗaki da hayaniya shi zai san irin wahalar da ke cikin wannan kamewa. Darakta Hal Ashby ya saka wuraren da Sellers ya kasa riƙe dariya a ƙarshen fim ɗin, tare da sunayen ma'aikata. Sellers ya ji haushi ƙwarai, yana ganin an karya sihirin da ya gina. A wannan karon ina bayansa.

Ya taɓa cin Oscar?

Bai taɓa ba. Sau biyu aka sa shi takarar gwarzon jarumi. A karon Dr. Strangelove, Rex Harrison ne ya ɗauka. A karon Being There, Dustin Hoffman ne, ko da yake Sellers ya sami kyautar Golden Globe. Wani gajeren fim da ya yi da Richard Lester a 1959 shi ma ya shiga takara.

Yaya ya mutu?

Ya zo Landan a watan Yulin 1980, da shirin cin abincin dare da Milligan da Secombe, kafin ya wuce Amurka a duba zuciyarsa. Ranar 22 ga wata ya yanke jiki ya faɗi a ɗakinsa na otal ɗin Dorchester. Aka kai shi asibitin Middlesex, ya cika bayan kwana biyu. An ƙona gawarsa a Golders Green. Ya bar wasiyya a sa wani kiɗan Glenn Miller a wurin, kiɗan da abokansa suka san ba ya ƙaunarsa ko kaɗan, don ya ba su dariya sau ɗaya na ƙarshe.

Wa ya gaji dukiyarsa?

Kusan duka ta tafi ga matarsa ta ƙarshe, Lynne Frederick, duk da cewa auren na tangal-tangal a lokacin. 'Ya'yansa uku kowanne bai sami abin da ya kai fam 1,000 ba. A 1982 aka harhaɗa ragowar hotunan da ba a yi amfani da su ba aka fitar da wani sabon Pink Panther da sunansa. Frederick ta kai ƙara, kotu ta ba ta gaskiya da diyyar sama da dala miliyan ɗaya. Michael ya mutu da ciwon zuciya ranar 24 ga Yuli, 2006, shekara 26 cif bayan mahaifinsa.

Wanda bai san shi ba, daga ina zai fara?

Idan dariya kake nema ba tare da wahalar Turanci ba, fara da A Shot in the Dark, don yawancin abin da ke cikinsa ido ke gani. Daga nan ka wuce Dr. Strangelove, ka sa ido ka ga ko za ka yarda mutum ɗaya ne a kujeru uku. I'm All Right Jack zai yi wa duk wanda ya taɓa shiga yajin aiki ko ya zauna teburin sasantawa daɗi. Being There a bar shi sai ranar da hankali ke kwance.

The Goon Show ya fi wuyar shiga, saboda gudun maganarsu da wasa da kalmomi da ba'ar da ta shafi Ingilar shekarun 1950. Shirye-shiryen farko da yawa sun ɓace, amma yawancin na zangon baya suna nan, tashar BBC Radio 4 Extra na maimaita su, ana kuma samun su a intanet. A nemi wanda Bloodnok da Bluebottle suka fito a ciki, a saurara sau biyu: na farko don labarin, na biyu don ƙirga muryoyin da ke fitowa daga bakin mutum ɗaya.